Abin da Kwamfutar Malam Labaran Ta Manta

A cikin buhun taki aka kawo mini ita, an naɗe ta da tsohon bargo, an ɗaure da igiyar guga. Wani magidanci ne ya sauke ta daga bayan babur ya dire a ƙofar shagona yana haki. Matar da suka zo tare ta tsaya can gefe cikin hijabi ruwan toka, ba ta matso ba sai da na shimfiɗa mata tabarma.

Sunana Zainulabidin, amma duk Safana Malam Zainu ake kirana. Da safe ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandare da ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Da alli nake zana wa ɗalibai linzamin kwamfuta a allo, su kwafa a littafi, su ci jarrabawa, kowa ya kama gabansa. Da azahar sai in buɗe ɗan shagon nan da ke jingine da na Ɗan'auta mai cajin waya, in gyara abin da ya samu. A shekarun nan abin da ke samuwa bai taka kara ya karya ba, don wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba, ba ta gyaran na'ura yake yi ba.

Muka gaisa, gajiya, iyali, damina, haƙurin zaman da muke ciki. Sai da mutumin ya ce sunansa Mannir, ƙanen Malam Labaran na Babban Duhu, sannan na gane su. Malam Labaran malamin firamare ne, mun sha haɗuwa wurin bita, mutum mai kyan rubutu da yawan tambaya. Bara da kaka 'yan bindiga suka tare shi a hanya, suka harbe shi, suka tafi da babur ɗinsa da wayarsa. Matar nan kuwa matarsa ce, Turai. Na sake sabuwar gaisuwa, wannan karon ta ta'aziyya, ta amsa kanta a sunkuye.

"Kwamfutar marigayi ce," in ji Mannir. "Hotuna muke so a fiddo mamu daga ciki. Kafin Litinin."

Ranar Juma'a ce, ba a daɗe da saukowa daga masallaci ba. Na ce hotunan me, kuma me ya haɗa su da Litinin? Mannir ya buɗe baki, ta riga shi.

"Malam, shekara huɗu ke nan da sunka shigo mamu gari da hantsi. Ƙanwar Malam, Zuwairatu, tana bakin rijiya goye da yarinyar, sunka haɗa da su. Shekararta biyu lokacin. Zuwairatu ta rasu a daji, waɗanda anka sako su ne sunka faɗa mamu. Yarinyar ko, ba wanda ya san inda ta yi."

Ba ta faɗi sunan yarinyar ba, Mannir ne ya ce mini Sadiqa, 'yar Turai da marigayi. Ita kaɗai Allah ya ba su. Ya ci gaba da bayani. Makon jiya sojoji sun fito da wasu mata da yara daga daji, an ajiye su a wani gidan gwamnati a Katsina. A cikinsu akwai yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, ba ta da kowa, ba ta san garinsu ba, sunan da take amsawa ma a daji aka laƙaba mata. Da labari ya iso, Turai ta ɗauki ƙafa ta tafi.

"Hajiyar da ke kula da su ta tambaye ni kafin in gan ta," in ji Turai. "Ta ce wace alama ɗiyarki gare ta? Na ce tabon ƙuna a ƙwauri, kunu ya zube mata. Ta ce wace ƙafa? Na ce dama. Da anka ɗaga mata zane, a hagu yake."

Akwai kuma wata mata daga Yasore da ita ma aka ɗauke mata 'ya a shekarar, ita ma ta ce tata ta taɓa ƙonewa, kuma da aka tambaye ta kai tsaye ta ce hagu. Hajiyar ta ce ba za ta zalunci kowa ba. Turai ta kawo hoto ranar Litinin, in ba haka ba a miƙa wa matar Yasore.

"To ke a zuciyarki fa?" Tambayar da bai kamata in yi ba ke nan, amma bakina ya riga ni.

"Ɗiyar fari ce, Malam, ka san halinmu. Ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Ban kiran sunanta. Nono kaɗai ke haɗa mu, shi ma a ɗaka. Zuwairatu ke mata wanka, ita ke goyo, ita ta yi jinyar ƙunar. An yabe ni a garinmu, an ce Turai akwai kunya. To ga ni nan, na kalli yarinya ido da ido ban sani ba ko tawa ce. Tun da na ga tabon zuciyata ke cewa ai da ma hagu ne. Amma kafin in gani, dama nike cewa."

Na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma ji haushin da ban san wa zan ɗora wa ba. Ta ce ranar ƙunar Malam ya ɗauki ƙafar hoto da waya don ya nuna wa likita, kuma ɗabi'arsa ce duk ƙarshen wata ya juye hotunan wayarsa a kwamfuta. Ba ya tura hoton 'yarsa ga kowa, yana tsoron baki. Wayar ta tafi da waɗanda suka kashe shi. Abin da ya rage yana cikin buhun nan.

Na kwance igiya na jona ta a wutar solar Ɗan'auta, don wutar gwamnati rabonmu da ita tun kafin azumi. Tsohuwar kwamfutar tebur ce ta gwanjo, irin masu jure wahala. Na danna, ta yi ƙara sau biyu, ta rubuta cewa agogonta ya ɓace, in danna maɓalli in ci gaba. Na danna. Ta ɗan yi nishi, sai ga ta ta tashi.

Da ma ba ta tashi ba. Allo fes, sabon Windo kamar jiya aka zuba, babu sunan Labaran ko'ina. Na buɗe faifan ajiya, wato inda na'ura ke tara duk abin da aka ba ta, na tarar da shi cike maƙil. Karatun Alƙur'ani izu sittin na mahaddata daban-daban, tafsirin azumi na shekara da shekaru, wa'azi iri-iri. Hoto ko na kaza babu.

Na juya na kalli Mannir. "Wa ya taɓa ta?"

Ya cire hula ya mayar. Ya ce tun rasuwar Malam aka kulle ɗakinsa, ba a taɓa ko allura ba har Turai ta gama takaba. Da aka zo rabon gado, malamin rabo ya ce kowane kaya sai an yi masa ƙima, har da kason yarinyar da za a ware a ajiye. Aka kunna kwamfuta, ta nuna baƙin allo. Mutane suka ce ta mutu, a sa ta a lissafin ƙarfen gwangwan. Shi kuma ya ga ba zai bari a wulaƙanta kayan ɗan'uwansa ba, ranar kasuwa ya ɗora ta a babur ya kai wa Badaru mai gyara a Batsari. Bayan kwana uku ya karɓo ta tana tashi. Turai ta roƙa a sa ta a kasonta, aka sa.

"Ya ce formatin ya yi mata," in ji Mannir. "Ni ban san ko mine ne ba. Na ga dai ta tashi."

Ni fa a sana'ata babu kalmar da na tsana kamar wannan. Masu gyaran kasuwa magani ɗaya suka iya. Na'ura ta yi tari, formatin. Ta yi jinkiri, formatin. Linzami ya ƙi motsi, su share komai su zuba sabo, mai kaya ya ga allo ya haska ya yi ta godiya, sai ya koma gida ya gane an yi masa aski har da fatar kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na buɗe baki zan zazzage wa Mannir, sai na ga idonsa ya kaɗa, na haɗiye.

"Malam yana cewa cikinta biyu ne," in ji Turai a hankali. "Ya ce wanda ya sayar mashi a Kano ya ce mashi haka. Ban sani ba ko zai yi amfani."

Na kashe ta, na kwance murfin. Ƙura, gidan zanzaro a kusurwa, ga kuma faifai biyu kwance ɗaya bisa ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Murna ta kama ni. Sabon Windon faifai ɗaya kawai ya nuna mini. Idan Badaru a kan fanko ya zuba nasa, to na Malam Labaran yana nan kwance lafiya, na'urar ce kawai ba ta leƙa shi.

Na yi musu bayani daidai yadda za su ɗauka. Kafin Windo ya farka akwai wanda ke riga shi tashi, mu masu gyara muna ce masa bayos. Kamar mai tada mutane sahur yake, yana da jerin ƙofofin da zai buga. Ya buga ta farko, in an amsa shi ke nan, in ba a amsa ba ya wuce ta biyu. Jerin nan kuwa wani ɗan batir mai faɗin kwabo ne ke riƙe masa shi a ka. In na'ura ta daɗe ba wuta, batirin ya ƙare, sai ya manta duk abin da mai ita ya tsara, ya koma yadda aka ƙero shi. Wata huɗu da kwana goma a kulle sun isa su ƙarasa tsohon batir.

"Ke nan ba mutuwa ta yi ba?" in ji Mannir.

"Mantuwa ta yi."

Na kunna ina ta dannan maɓallin shiga bayos har ya buɗe. Kwanan wata ya koma ɗaya ga Janairu na shekarar da aka ƙera ta. Jerin ya birkice, ga layin intanet a sama, ga na faifan sidi, sannan faifai ɗaya tilo. Na bi layi-layi har na tarar da mashigar faifai na biyu a kashe, haka suke fitowa daga kamfani. Na kunna ta. Na sake tayarwa, sai ga faifai biyu sun bayyana. Mannir ya yi kabbara, ni ma ban san lokacin da na taya shi ba.

Na leƙa na biyun ta cikin sabon Windon. Ya ce bai gane abin da ke ciki ba, ko in ba shi izini ya share? Na ce ka share gidanku. Na ɗauka jijjigar babur ce ta rikita masa kai, don haka na koma bayos in ɗora shi a saman jeri ya tashi da kansa. Ina cikin haka hadari ya haɗo daga gabas, rana ta ɓace, inbatar solar Ɗan'auta ta yi kuka sau uku, wuta ta ɗauke ɗif. Da ta dawo, duk abin da na tsara ya goge. Kwanan wata ya koma Janairu, faifai na biyu ya sake ɓacewa.

Sau uku muna haka. In kunna mashiga, in gyara jeri, in kai hannu zan adana, wuta ta tafi. Na leƙa na ce wa Ɗan'auta ya cire wayoyin mutane na minti goma, ya ce wayoyi arba'in ne, kuma rabinsu na masu jiran kiran masu garkuwa ne daga daji, wa zai iya cire wa irin waɗannan? Gaskiya ya faɗa. Batirin nan kuwa kaf Safana ba mai sayar da shi, sai Dutsin-ma, kuma bayan la'asar ba mai hankalin da ke bin hanya.

Ɗan'auta ya tsaya ya leƙa cikin na'urar, ya ga ɗan batirin da na ciro. Ya koma shagonsa ya dawo da abin awon sukarinsa, ya buɗe bayansa da farce. Iri ɗaya ne sak.

"Sa mata," ya ce. "Da ma takardun awon sun ƙare tun watan jiya. Ko na auna, me zan saya in sha?"

Na sa. Na gyara agogo, na kunna mashiga, na ɗora faifai na biyu a sama, na adana. Baƙin allo, da rubutu layi ɗaya, wai ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Na cire kebul na sake matsewa. Haka. Na sauya masa mashiga. Haka. Zufa ta jiƙa mini riga duk da iskar hadarin da ke kaɗawa. Turai carbi kawai take ja, idonta a kan allon da ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsa ba.

Saura abu ɗaya. A bayos akwai layin da ke zaɓar salon tayar da na'ura, tsohon salo ko sabon salo. Wanda aka zuba da sabon salo ba ya amsa kiran tsoho, ko da lafiyarsa ƙalau. Da batir ya mutu, ta koma tsoho. Na sauko kan layin, na mai da shi sabo, na adana. Dannawa uku.

Fitilar faifai ta fara ƙiftawa. Rubutu ya fara gudu. Turai ta miƙe tsaye ba ta sani ba, carbin ya zame ƙasa.

Allo ya haska da wani launi ja-ja da ban taɓa gani ba. Ba Windo ba ne, yaren kuma ba Turanci ba ne, wasu haruffa ne masu ɗige-ɗige a ka. A tsakiyar allon ga hoton wata 'yar Baturiya mai farin gashi, ta rungume kare, tana dariya cikin ƙanƙara. Na buɗe nan, na buɗe can. Abu na ƙarshe da aka ajiye a ciki ya shekara goma sha ɗaya. Kayan mai ita na farko ne, can ƙasar da aka kwaso ta, ba wanda ya taɓa su tun daga jirgin ruwa har Babban Duhu. Malam Labaran bai taɓa ajiye komai a nan ba. Nasa shi ne na farkon, wanda Badaru ya share.

Turai ta matso ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Wagga kuma ɗiyar wa ce?"

"Ta mutanen da suka fara mallakar na'urar ce."

"Ita tata tana nan," ta ce. Ta koma ta zauna.

A nan ne abin ya gama dukana. Layin nan da na sauya yanzu, shi ne duk ciwon kwamfutar tun farko. Da ranar rabon gado wani ya shiga ya yi dannawa ukun nan, da na Malam Labaran ya tashi garau da hotunansa. Batir ɗaya da minti biyar. Na karɓi lambar Badaru wurin Mannir, na fita na hau benci inda ake samun sabis.

"Badaru, Zainu ne daga Safana. Kwamfutar malamin Babban Duhu, me ka gani da ka kunna ta?"

"Ranka shi daɗe, baƙin allo. Ta ce ba ta ga faifai ba."

"Ka shiga bayos?"

"Na shiga, na sa ta tashi ta filashi in zuba mata sabo."

"Ka ga agogo ya koma baya? Ka duba salon tashi? Ka ciro faifan ka jona a wata ka ga ko da kaya a ciki? Ka tambayi mai kaya ko akwai abin da yake so?"

Na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu, mutanen da ke jiran caji duk suka juyo suna kallona. Da na gaji na faɗa masa abin da ke cikin faifan da abin da ake nema da shi. Na ji ya ja salati.

"Wallahi Malam ko sisi ban karɓa ba. Malam Labaran shi ya koyar da ni aji huɗu. Da Mannir ya ce tashi ce, na rasa mi zan yi mashi. Kwana biyu na yi ina tura karatu, na hana kaina kasuwa. Na ce duk wanda ya kunna ya saurara, ladan shi kai mashi kabari. Ban tsaya ba sai da ta ce ba sauran wuri."

Na sauko daga bencin ba tare da na yi sallama ba. Da formatin kaɗai ya yi, da da sauƙi, don shi suna kawai yake gogewa daga ƙofar rumbu, hatsin yana nan ciki har sai an zuba wani a kansa. Sau da yawa na ceto wa mutane kaya bayan formatin. Amma Badaru ya bi kowane lungu ya cika. Da ragon mai gyara ne ko mugu, da Turai ta samu hotonta. Na rasa yadda zan ci gaba da jin haushinsa, kuma rashin haushin ya fi haushin ciwo.

Duk da haka ban sallame su da a'a ba. Na ce su ba ni Asabar da Lahadi. Na ciro faifan na jona a tawa, na sa manhajar da ke bin faifai tana tsintar abin da ya tsira. Aiki ne mai son wuta ba yankewa, mu kuwa damina ta kankama. Ranar Asabar sau biyu yana yankewa in sake daga farko. Ranar Lahadi Ɗan'auta ya aro janareta, muka haɗa kuɗi muka sayi lita biyu, a farashin da in na faɗa sai a ce ƙarya nake. Matata ta aiko mini da abinci shago, ya huce ban taɓa ba.

Gab da magariba ta gama. Gutsattsari sama da dubu, yawancinsu ba sa buɗewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na samu rabin jadawalin aji biyar. Na samu kan wata takarda da Malam Labaran ya rubuta yana roƙon a dawo da shi aiki cikin gari saboda hanya, kwanan watanta sati uku kafin a kashe shi. Hotuna kuwa guda tara suka buɗe, takwas na taron makaranta ne. Na taran shi ne na ƙunar, na gane shi da kwanan watan da Turai ta kwatanta. Amma hoto daga sama yake saukowa layi-layi, kuma wannan kashi ɗaya cikin biyar kawai ya tsira. Sauran duk toka ce shimfiɗe.

Litinin da sassafe ta zo ita kaɗai, da 'yar jakarta, ta yi shirin tafiya. A ƙullin zanenta na hango sabon takalmin roba na yara. Motar Katsina ba ta tashi sai wajen tara, in an ji labarin hanya. Bayan mun gaisa na ce mata gaskiya tun kafin ta zauna, don ba na son ta gani a fuskata. Ta ce in nuna mata abin da ya samu.

Na buɗe. Gefen tabarma. Bakin zane mai zanen ganye. Da hannun mace, yatsu huɗu da lalle, sun kama wani abu da ke ƙasa, daidai inda tokar ta fara.

"Zanena ne," ta ce. "Hannuna ne." Ta kai yatsa ta taɓa allon. "Ashe ni na riƙe ta. Ni ina cewa Zuwairatu ce."

Sai a lokacin ta yi kuka, ba sauti, hawaye kawai. Na kau da kai ina gyara kebul ɗin da ba abin da ya same shi. Da ta share ido ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu kamar yadda mata ke yi in za su ɗora yaro a cinya. Ta ɗaga hannunta na dama, ta lanƙwasa yatsu huɗu daidai da na hoton, ta kama iska.

"In tana kallona, to wagga ƙafa ce ke nan, hagunta." Ta juya hannun. "In ko baya ta ba ni, dama ce. Ihu take ranar, tana ta miƙa hannu wurin Zuwairatu. To Zuwairatu ina take tsaye?" Ta rufe ido. Ta buɗe. Ta sake juya yarinyar da ba ta nan, ta kwantar da ita rigingine, ta kifa ta, ta sake tayar da ita zaune.

Daga tasha aka fara danna ham, ɗan kamasho yana kiran Katsina saura mutum biyu. Na ce mata lokaci yana tafiya, ko in buga mata wannan ɗin a takarda ta je da shi haka. Ta ce ta nuna wa Hajiya hannunta ta ce mata me?

"Malam, kai da ka yi karatu, duba mani da kyau. Wanga hannu, wace ƙafa yake riƙe da ita?"

Na duba. Na ƙara girman hoton har ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Kalma ɗaya take nema, kuma na san wadda take so. Da na ce hagu, da ta tashi da gudu ta kama motar nan, ta je ta rantse da Alƙur'ani a kan maganata. Wataƙila in mayar wa uwa 'yarta, wataƙila kuma in ƙwace ta wata matar da ita ma shekara huɗu ba ta yi barci ba. Na ji kalmar ta zo har kan harshena.

"Ban sani ba," na ce.

Ta gyaɗa kai, kamar da ma ta san haka zan ce. Motar ta tashi, muka ji ƙararta ta bi ta bayan kasuwa ta ɓace. Turai ba ta waiwaya ba. Ta sake ɗaga hannun, ta lanƙwasa yatsu, ta ce a hankali, karo na farko da na ji sunan a bakinta, "Sadiqa, tsaya mana in gani."